Sunan Alhaji Sahabi Da Na Ɓata

Ni ɗan Sabon Garin Jega ne. Mahaifina tela ne, mutum mai kunya, bai taɓa taka ofishin 'yan sanda ba sai a kaina. Bayan na gama sakandare da ƙyar, na zauna bakin kasuwa ina cajin waya. A nan na buɗe shafi a intanet ina saka labaran gari: kwalbatin da ya rushe, farashin gero, bikin wane. Mutane suka fara kirana ɗan jarida. Ban hana su ba.

Da na goro abin ya fara. Mai shago zai ce in yabi kayansa, ya ɗan miƙo mini wani abu. Daga baya na gane mai tsoron tonon asiri ya fi mai son yabo sakin hannu. Na buga katin shaida na jabu na rataya a wuya, ina yawo daga Jega zuwa Aliero har Maiyama.

Alhaji Sahabi manomin albasa ne a Jiga Makera. Masu saye daga Kudu ba sa ma zuwa, waya suke yi ya loda musu mota, don sun yarda da buhunsa. Kamar kowa, yana ajiye albasarsa a rudu, wato rumbun albasa, lokaci-lokaci a bi a tsince ruɓaɓɓu a zubar gefe don kada su ɓata sauran. Na ɗauki bidiyon tulin da aka zubar, na nuna masa, na ce ko ya sallame ni, ko duniya ta ji su yake cusawa a gindin buhu.

Ya dube ni ya ce, "Ɗana, kai ma ka san na zubdawa na. Ba ni sayen gaskiyata ga hannunka."

Na saka bidiyon. Ya bazu har Kudu. Masu saye suka janye, damina ta faɗi ta tarar da rudun cike. Alhaji ya kai ƙara, waɗanda na tatsa a baya suka fito shaida, kotu ta ɗaure ni kan ɓata suna da tsoratarwa.

Ina gidan yari mahaifina ya zo ziyara. Bai zauna ba. Ya ce, "Alhaji Sahabi ya rasu. Hawan jini. Kai ka san mafari." Ya juya ya tafi.

Da na fito, na je gidan mamacin. Matarsa, Inna Hauwa, ta tsaya bayan labule. Na durƙusa na nemi gafara. Ta ce, "Nawa na yahe maka. Amma sunanai fa? Har yau ɗiyanai ba su sai da buhu guda da sunan ubansu. Inda kas sa ƙarya, can za ka kai gaskiya."

Na saka bayanin gaskiya a shafina. Ba a yaɗa shi ba kamar yadda aka yaɗa ƙaryar.

Yanzu ina karatun aikin jarida. Muna koyon dokokin yaɗa labarai da yadda ƙasashe ke tafiyar da su, wasu da takunkumi, wasu da 'yanci mai faɗi. Ban ji inda aka halatta ƙage ba. A ajin ladubban aiki malaminmu ya ce gyara ba gyara ba ne sai ya isa kunnen da ya ji kuskuren. Tun daga nan, duk hutun da na samu ina kasuwar albasa ta Aliero. Ina bin dillalai da direbobi ɗaya bayan ɗaya, ina cewa ni na yi ƙaryar, su faɗa wa iyayen gidansu na Kudu. Wasu su zage ni. Wani dillali kan ce, "Ga mai labarai, yau wa za a kashe?" Ina haɗiyewa in ƙarasa maganata. Mai saye ɗaya ya dawo wa 'ya'yan Alhaji. Ba zan daina ba sai sauran sun dawo.

Ƙannena masu riƙe da waya, kada ku karɓi goron kowa don a faɗi ko a rufe. Kada ku saka abin da ba ku tabbatar ba. Idan sunan mutum zai fito a labarinku, ku je ku ji ta bakinsa, ku faɗi yadda ya faɗa, tun yana da ran da zai amsa muku.