Katantanwar Malam Barau

Kullum bayan sallar asuba Malam Barau bakanike yakan share ƙarƙashin darbejiyar da ke bakin tashar Faskari, ya shimfiɗa buhu, ya jera sifanunsa daga babba zuwa ƙarami. Sannan ya zauna jiran motar farko da fuskar mai jiran maƙaryaci. Bai yarda da direba ba, bai yarda da mai mota ba, sabon kaya a kwali ma sai ya juya shi sau uku. In ka ce masa jiya ka canza baƙin mai, sai ya ce "To," ya lakato man, ya murza a yatsa, ya sansana, ya ɗago ya dube ka. Juma'ar da ta wuce ya miƙa garejin ga ɗansa Ɗanliti, don ido ya gaza. Ni Hadi, tsohon direba, akwai maganar da na daɗe da haɗiyewa game da shi, yau zan amayar da ita.

A 1977 kuɗin mai ya cika gari, kowa sabuwar mota. Maigidana Alhaji Sha'ibu, dillalin auduga, ya sayi Fijo 504. Wata rana a hanyar Yankara wani ɗan kasuwar Ƙanƙara ya wuce mu da Marsandi, har da ɗaga mana hannu. Alhaji bai ci tuwo ba ranar. Washegari muna garejin Malam Barau.

"So nike motar nan ta hi ta kowa gudu," in ji Alhaji.

"Ina za ka da sauri haka, Alhaji?"

"Ba ruwanka. Za ka iya ko in tahi Funtua?"

Malam Barau ya sayo turbo daga wata motar aikin titi da ta mutu. Shi katantanwa yake ce mata, don haka siffarta take. Hayaƙin salansa ke juya ta, ita kuma ta cusa iska cikin inji, ƙarfi ya ƙaru. Sati uku yana yankan bututu yana walda, ya ja mata hanyar baƙin mai, ya kwance ya sake ɗaurawa, don ko aikin hannunsa bai gama yarda da shi ba. Da aka tayar da mota sai ta riƙa fito siriri. Kafin la'asar labari ya kai Ruwan Godiya cewa Barau ya ɗaure aljani a motar Alhaji.

Ranar da zai ba ni makulli ya riƙe shi a hannu.

"Hadi, in ka tsaya, kar ka taka totur, kar ka kashe. Ka karanta Ƙulhuwallahu ƙafa goma sha ɗaya, a natse, sannan ka murɗe makulli."

"Malam, ashe da gaske akwai mutanen ɓoye a ciki?"

"Babu kowa ciki sai wautarka. In ka kashe ta da zahi, katantanwa na juyawa ba mai, sai ta ci kanta. Ba ka da agogo, shi ya sa na ba ka sura."

Mu kuwa direbobin wancan zamani muna da al'ada: kafin mu kashe mota sai mun taka totur ta yi kururuwa. Mukan ce batir ne ke cika. Gaskiyar ita ce don a san mun iso. In Alhaji na mota ina karanta surata. Amma ran da na kwaso gudu daga Sabuwa ni kaɗai na faɗa kasuwar Yankara, na ga direbobi sun zuba mini ido, sai na taka har ƙasa, na kashe nan take. Na yi haka ya fi a ƙirga. Wata biyu ba su cika ba mota ta fara shuɗin hayaƙi da ƙara mai tayar da tsigar jiki.

A gaban Alhaji da jama'ar tasha Malam Barau ya kwance katantanwar. Ya daɗe yana kallon sandar cikinta da ta ƙone ta yi shuɗi. Sai ya dubi ƙafata ta dama.

"Faɗa mani gaskiya," Alhaji ya ce. "Hadi ne? In shi ne, yau ya aje makulli ya hita mani gida."

A ɗakin gidan Alhaji muke zaune, matata Saudatu kuma tana da cikin wata takwas.

"Ni na haɗa ta, Alhaji," Malam Barau ya ce. "Abin da duk ya same ta, a wuyana shike."

Alhaji ya kwashe manyan motocinsa uku ya mayar da gyaransu Funtua. A majalisa ya ce Barau ya liƙa masa ruɓaɓɓen ƙarfe, wasu suka ƙara da cewa musanya kayan motar mutane yake yi. Kusan shekara biyu gwanin inji yana gyaran kekuna da injin niƙa. Ni fa, maimakon godiya, zargi na shiga yi. Na ce banza ba ta kai zomo kasuwa, ruwa kuma ba ya tsami banza, tabbas wata rana zai zo karɓar ladan shirunsa. In na hango shi sai in canza hanya. Bai taɓa zuwa ba. Ina jin kunyar wannan har cikin ƙashina.

Malam Barau, kai ne ka zargi kowa a kan ƙarfe don kada ƙarfe ya kashe kowa. Kai ne ka san mai laifi ka rufe bakinka, 'ya'yanka suka sha kunu ba ƙosai don nawa su sami rufi. Barau na bakin tasha, mai hancin da ya fi ma'auni!

Shekaranjiya na same shi a zaure na tambaye shi dalili.

"Ni hannuna na tare da ni duk inda na zauna," ya ce. "Kai ko makulli ɗaya gare ka, ga mai ciki. Mi kake so in yi?"

"Malam, ka yafe mani."

"Tun ranar. Amma har gobe ba ni ba ka mota."

Na gode, Malam, Allah ya saka, ya ƙara hasken ido. Masu sana'a, ku koyi bincikensa, ku koyi rufin asirinsa. Ku kuma dattawan Faskari da kuka ji waccan magana kuka ɗauka, Alhaji ya riga mu gidan gaskiya bai sani ba, amma ku kuna raye, Malam Barau ma yana raye, zaurensa a buɗe yake. Bai taɓa sayar wa kowa ruɓaɓɓen ƙarfe ba. Ƙafata ce ta ƙona motar nan.