Muciyar Iya Kande

Idan damina ta yi nisa a Birnin Zariya, sabuwar masara ta shigo kasuwa, ƙamshinta a kan wuta ba ya kai ni ko'ina sai rumfar kakarmu, Iya Kande. Rumfar tana jingine da madafi, rufinta kwano ne mai yoyo ta gefe guda. Da an yi sallar magariba an ci tuwo, sai Iya ta janyo garwashi daga murhu ta jera masara a kai, mu jikoki mu kewaye ta. Kowa cewa yake tatsuniya ta kawo shi, amma idonsa na kan masarar da ta fi girma.

A lokacin ina fama da in'ina mai tsanani. Kalma takan zo har bakina ta tsaya, in yi ta bugun farkonta ta ƙi fitowa. Mutanen gidanmu suna ƙaunata, kuma da wannan ƙaunar suka kusa kashe mini baki. Da na fara "ru-ru-ru" sai wani ya ce, "Ruwa take so," a miƙo mini moɗa. Na sha ruwan da ban nema ba ya fi a ƙirga. An kai ni Wusasa wajen likita, ya duba ya ce harshena lafiya lau. An yi mini rubutu na sha. A makaranta yara suna kwaikwayona, kullum da kuka nake dawowa.

Babana, Malam Isiyaku, mai ɗinkin manyan riguna ne, mutum mai taushin zuciya wanda ba ya iya kallon hawaye. A dogon hutun shekarar nan na ji yana gaya wa mahaifiyata cewa in an koma makaranta a bar Bilki a gida ta huta. Ba mugunta ba ce, na sani. Amma ni ina son makaranta kamar raina, domin a cikin littafi kalma ba ta taɓa maƙale mini ba. Na so in je in roƙe shi. Na san kafin in kai kalma ta biyu zai ƙarasa mini da abin da ba shi nake nufi ba.

Ban san ko maganar ta kai kunnen Iya ba. Na dai san a makon nan ta kawo tatsuniyar ganuwa.

Ita tana da nata salon buɗewa. Takan ce, "Ga wata nan tafe, ruwa na dukanta." Mu amsa, "Ta shigo ta fake."

Wai an yi wani gari mai ganuwa, doguwa mai kauri, wadda mahayi ke iya tafiya a kanta. Amma kowace damina sai ta zube a wuri ɗaya, ta gabas, kuraye su shigo su ɗebi dabbobi. Mai gari ya kira magini, magini ya ce laifin ƙasa ne. Aka sake gini, ta zube. Ya kira wata tsohuwa mai kiwon awaki a gindin ganuwar, ta ce laifin awaki ne. Aka kori awakin unguwar, na wata unguwa suka zo, ta zube. Ya kira mai haƙar rijiya, ya ce laifin ruwa ne. Aka yi wa ganuwar rufi don kada ruwan sama ya taɓa ta, ta zube. Mutanen nan uku suka zama ba sa ga maciji, kowa na ce wa ɗan'uwansa maƙaryaci. Sai uwar mai gari ta ce da ɗanta, "Kai ma da naka. Kullum ɗaya-ɗaya kake kiransu. Shimfiɗa musu tabarma guda, kowa ya yi magana sauran na ji."

A nan Iya ta tsaya, ta juya masara.

Yayana Sani ya ce, "To me suka ce?"

"Ku za ku faɗa," in ji Iya. "Sani, kai ne magini. Lami, ke ce mai awaki. Ƙawata, ke ce mai rijiya. Kowa ya je wajen mai sana'ar ya tambayo. Ran Juma'a za a shimfiɗa tabarma."

Lami 'yar baffana ce, ƙawar Iya kuma ni ce. Sani ya ce, "Iya, Bilki fa ba za ta iya ba."

"Wa ya tambaye ka, maigida? Kai da bakinka ke zuba kamar indararo, me ka taɓa faɗa da aka ƙaru?"

A ƙarshen lungunmu akwai Baba Audu mai haƙar rijiya, wanda ya baro ƙauye tun yana saurayi. Kunnensa ya yi nauyi, ba ya kuma gaggawar komai, saboda haka bai ma lura ina da in'ina ba. Da ya gane tambayata, sai ya kai ni gindin wata tsohuwar katanga, ya nuna mini wani fari-fari da ya fito a jikinta. Ya kankaro da farce ya ce in ɗanɗana. Na ji kamar kanwa. Ya ce ruwa yana da hanyoyinsa a ƙarƙashin ƙasa, kuma inda aka cike kududdufi aka yi gini, ruwan ba ya mantawa da wurin. Yakan hau jikin gini daga ƙasa, ya bushe, ya bar wannan farin. Na dawo gida ina maimaita maganar a zuciyata, inda take fita sumul.

Ran Juma'a an yi ruwa da la'asar, rumfa na ɗiga. Iya ta aika aka kira manyan gida, abin da ba ta saba yi ba. Matan gida suka zauna a bayanmu. Baba ya zo ya tsaya a bakin rumfa, da rigar da yake ɗinki a kafaɗarsa. Shi ne ɗan farin Iya, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin ta kama sunansa ba, ban kuma taɓa ganin ta dube shi ta yi masa magana ba.

Iya ta ɗauko muciyarta ta tuwo, ta wanke ta tas. Ta ce, "Dokar tabarma guda ce. Mai muciya shi ke da magana. Ba a katse shi, ba a kuma ƙarasa masa."

Sani ya karɓa ya zuba bayani: magini ya ce in ba a kwaɓa ƙasa da ciyawa aka bar ta ta ruɓa ba, tubali ba ya ƙarko, kuma akwai wata ƙasa mai fari-fari da ba ta kamawa ko an yi mata yaya. Lami ta karɓa ta ce awaki suna lasar gindin katanga har su yi mata rami, amma mai awakin ba ta san abin da ya sa suke zaɓar wuri ɗaya ba. Ta kwaikwayi akuya na lasa, aka yi dariya. Sannan ta miƙo mini.

Muciyar ta kusa kai tsawona. Na riƙe ta da hannu biyu, na buɗe baki, sai ga ni a inda na saba tsayawa. "Ru-ru-ru." Na sake. "Ru-ru." Ina jin ɗigar ruwa cikin kwanon da aka tara, ina jin numfashin kowa.

Baba ya kasa daurewa. Ya ce a hankali, "Ruwa take son ta ce, Iya. Ruwan sama ne ke..."

Iya ba ta ɗago ba. Idonta na kan garwashi ta ce, "A gaya wa mai gidan nan muciya ba a hannunsa take ba."

Mutumin da in ya yi gyaran murya a zaure gida ke yin tsit, shi ne ya sunkuyar da kai, ya tsuguna a bakin rumfa kamar ɗalibi. Ba wanda ya motsa. Iya ta ɗora hannuwanta a gwiwa tana jira, jira na mutumin da ba shi da wurin zuwa. Masara ta fara ƙauri, hayaƙi ya tashi, ba ta juya ta ba. Ban taɓa ganin shiru mai girma irin wannan ba, kuma dukkansa nawa ne.

Kalmar ta fito. Bayanta wata ta fito. Na ce ba ruwan sama ba ne, na ƙasa ne. Na yi ta tuntuɓe ina tashi, har na kai kan kududdufin da aka cike, da farin da ke fitowa a gindin gini mai ɗanɗanon kanwa. Na kai ƙarshe da bakina.

Lami ta miƙo hannu. Da muciya ta shiga hannunta ta ce, "Ashe shi awaki ke lasa." Sani ya karɓe ya ce ai ita ce ƙasar da magini ya ce ba ta kamawa. Muka dubi juna. Amsar tana zaune a tsakiyar tabarma, kuma babu ɗayanmu da ya zo da ita daga gida. Ruwa ke kawo farin, farin ke kiran awaki, shi ne kuma ke ɓata tubali. Duk mutanen nan uku gaskiya suka faɗa.

Sai Baba ya miƙo hannu, aka ba shi muciya. Ya dube ni ya ce, "To mai rijiya, yaya za a yi da ruwan?" Ya mayar mini da ita. Na daɗe kafin in ce a matsar da ganuwar, a bar wa ruwa hanyarsa. Ya jira har na gama.

Da aka watse na tambayi Iya yadda tatsuniyar ta ƙare da gaske. Ta ce, "Ni ma da aka ba ni ita, a nan aka tsaya. Duk sa'ad da na shimfiɗa tabarma wata amsa nake ji. Ta bana ta fi." Baba bai sake ta da maganar barin makaranta ba. Ana jibi za a koma na ga yana sake wa rigar makarantata kalmasa, domin na ƙara tsawo.

Yau ina koyarwa a jami'a, fannin ƙasa da ruwa. Cikin hanyoyin koyarwarmu akwai wadda muke kira simfoziyam, wato taron ƙara wa juna sani: a ɗauki batu ɗaya, a raba wa ɗalibai uku ko huɗu ɓangarorinsa, kowa ya je ya bincika, ya zo ya gabatar a gaban aji, shugaban zama na tsare wa kowa lokacinsa, sannan a buɗe tambayoyi. Ranar da aka fara bayyana mana ita a kwas ɗin horar da malamai, na ajiye biro na kasa rubutu. Tsohuwar da ba ta taɓa taka ƙofar aji ba ta riga ta yi mana ita, da muciya da masara. Abin da na ga abokan aikina na yawan mantawa shi ne jiran. Suna tsare agogo da kyau, amma da ɗalibi ya maƙale sai su cece shi, su faɗa masa abin da suke zaton yana nufi. A ajina ba a yin haka. Sau da yawa wanda ya maƙale ɗin shi ke riƙe da ɓangaren da sauran ke nema.

Iya ta daɗe da rasuwa. Bara Baba ya gamu da shanyewar ɓarin jiki, magana ta zama sai da ƙyar. Da masara ta fito na hau keke mai ƙafa uku na shiga birni na kai masa gasasshiya. Ya shinshina, ya dube ni, ya fara, "Ma-ma-ma." Sani, wanda yanzu furfura ta cika masa gemu, ya yi wuf ya ce, "Magani yake so." Na ce, "Yaya, muciya ba a hannunka take ba."

Muka zauna. Bakin Baba na rawa, hawaye na bin gefen da ba ya motsi. Na ɗora hannuwana a gwiwa na jira.

"Masarar Iya," in ji shi daga ƙarshe. "Har ta ƙone. Tana jiranki."