Gwangwanin da Na Rubuta wa Suna

A shekarar da aka fara barin mata su tuƙa mota a Jidda na shiga ajin yaƙi da jahilci. A shekarar ce kuma yayan matata ya sauka gidanmu a unguwar Ammariyya, bayan ya ɓata da kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa a takardun zama. Ya ce kwana biyu zai yi. Sai da aka yi azumi da shi.

Matata tana da lalura. Duk wata, kafin al'adarta ta zo, mara ta ƙulle mata, kai ya yi ta sara, ƙirji ya kumbura, ta yi ta kuka ba wanda ya taɓa ta. Ɗinki take yi, amma a kwanakin nan ko zare ba ta iya zurawa a allura.

A masana'antar da nake dako akwai wani injiniya ɗan Sin, matarsa ta karanci maganin gargajiyar ƙasarsu. Na kai mata uwar yarana. Ta riƙe wuyan hannunta, ta duba harshenta, ta yi tambayoyin da suka sa na koma bakin ƙofa. Sannan ta ƙulla mana saiwoyi da ɓawon itace da citta da busasshen jan dabino, ƙulli shida, ta ce a dafa a tukunyar ƙasa. Ba da jimawa ba kwangilar mijin ta ƙare, suka koma gida.

Ƙulli ɗaya matata ta sha. Ni ba likita ba ne, amma watan nan na ji keken ɗinkinta yana kuka ba fashi.

Sauran na zuba a gwangwanin madara. Don kada a ɗauka kayan shayi ne, na zauna da hannuna sabon koyo na rubuta a jiki: MAGANIN MATA.

Da wata ya zagayo, ta buɗe gwangwani, wayam. Tukunyar ma ta tsage, an ɗora ta a wuta ba ruwa. Na sami yayan nata a tsakar gida yana sakace.

"Yaya, ina abin da ke cikin gwangwanin nan?"

Ya ƙyalƙyale da dariya. "Kai, ƙanena, ashe kai ma ɗan hannu ne! Kana ɓoye abin arziki? Ni da abokaina na unguwar Ruwais muka gwada. Ɗaci kamar maɗaci, kuma wallahi ko mace ɗaya ba ta waiwaye mu ba. An cuce ka."

"Na ƙanwarka ne. Na ciwonta."

"To ai sai ka rubuta haka! Halas, shi ke nan, a sayo mata ƙwaya a kantin magani."

Ƙatti huɗu masu gemu! Ya san ƙanwarsa na kwanciya duk wata, a gabansa take riƙe bango ta shiga ɗaki, bai taɓa cewa sannu ba. Amma da ya ga kalmar mata, kansa kawai ya tuna. Rubutuna daidai yake, malaminmu ma ya duba ya ce ba kuskure ko ɗaya.

Ban ɗaga murya ba, suruki ne. Na kai ɓurɓushin da ya rage wurin masu kayan ƙamshi a kasuwar Balad, suka shinshina, suka gane citta da dabino, a kan sauran haɗin kuwa suka girgiza kai.

Abin da muka rasa: ƙulli biyar, tukunya ɗaya, da mata biyu masu kawo ɗinki, waɗanda suka gaji da jira suka kwashe yadinsu.