Muryata a sifikar babur ɗin ruwa

Jama'a, yau iƙamata, takardar zamana a Saudiyya, tana lilo!

Kafil ɗina, wato Balaraben da nake wa aiki, ya sayo babur ɗin ruwa, a Riyad da ba teku. Wai in ɗaura masa sifiku kafin mu ja shi Dammam, bakin teku. Ni direba ne ko makanike? Na gama, na haɗa da wayata don gwaji.

Ya fito da baƙinsa, ya ce, "Yalla, kunna!" Ina sauri na danna saƙon muryar da na tura wa matata jiya. Muryata ta cika gidan, ina cewa mutumin nan azzalumi ne, Allah ya isa!

Kafil ya juya wajen Ilu mai kula da lambu, ɗan Maraɗi. "Me yake cewa?"

Ilu ko ƙiftawa bai yi ba. "Addu'a yake maka, ya shaihu."

Kafil ya ce, "Amin! Turo min in sa wa mahaifiyata. A Makka ta girma, tana jin Hausa."

Yanzu ina banɗaki ina ɗaukar sabuwar murya, ta addu'ar gaske. Sau huɗu ina farawa, bakina ya ƙi. Wa ke da addu'ar minti biyu? Ku rubuto da sauri, yana buga ƙofa!