Kartar Ƙaya a Jikin Ƙirgi

Duk wanda ya yi aiki a masaƙar nan ta Sharada ya san Malam Isyaku mai kilishi. Ɗan mahauta ne daga wani ƙauye a bakin kogin Challawa, gajere mai faɗin kafaɗa, ba ya da yawan magana sai in an taɓo zancen nama. Tun shekarar da aka koma kashe naira ya kafa teburinsa a gindin darbejiyar bakin get, kuma in an busa jiniyar tashi, nan ne ma'aikata ke fara tsayawa.

Sana'ar ta mutum biyu ce. Shi ke zuwa kara, kasuwar shanu, ya zaɓo sa, ya ɗauki cinya ya yanyana ta falle-falle har kana iya hango rana ta cikinta, ya shanya a gadon kara. Matarsa Rabi ke haɗa labu, kwaɓin tunkuza da citta da kanumfari da masoro da barkono, wanda ake tsoma naman a ciki a sake shanyawa kafin a nuna masa wuta. Dokarsa ɗaya ce: ba ya sayen sa sai na makiyaya, wanda ya ci ciyawar daji ya yi tafiya da ƙafarsa. Irin wannan nama jawur yake, ba kitse a tsakaninsa, kana taunawa yana ƙara garɗi. Kuma ba ya lalacewa. Shi ya sa ma'aikatan da suka fito daga Gumel da Haɗejia da Damagaram ba su da tsarabar da ta wuce shi in za su gida.

Sai ga shekarar da cutar bushiya ta faɗa wa shanu, wajen ƙarshen mulkin farar hula. Garke-garke suka ƙare, kara ta zama fili. Abin da ya rage sai shanun turka, waɗanda ake ɗaurewa a gida ana ɗura musu dusar alkama da angurya. Isyaku ya yi ta zagaye har wani dillali ya shawo kansa, ya sayi wani ƙosasshen sa yana sheƙi kamar an shafa masa mai.

Rabi ta taɓa naman, ta murza yatsunta.

"Malam, wannan fa maiƙo yake a hannu."

"Wuta za ta cinye shi."

"Kai ka koya mini wuta ba ta shiga tsakiyar nama."

"To me kike so in kai musu? Tebur?"

Ta haɗa labunta. Kilishi ya fito da kyau a ido, da zafinsa ma har ana yabon taushinsa. Cikin masu saye akwai Mamman, wani mutumin Damagaram da ke kan injin saƙa, wanda ba ya zuwa gida sai da ƙunshi biyu na mahaifiyarsa. Tsohuwar ba haƙora, dakawa take yi ta riƙa barbaɗawa a miya kaɗan-kaɗan har ya sake zuwa.

Da Mamman ya dawo daga hutu, ya bari sai da mutane suka ragu, sannan ya ajiye ƙunshi ɗaya a kan tebur.

"Baba Isyaku, tsohuwa ta ce a gaishe ku. Ta ce in tambaya ko lafiyarku ƙalau, don wannan ba hannunku ba ne."

Isyaku ya kwance takardar. Duk ta jiƙe da maiƙo, sai warin tsohon mai. Ya gutsura, ɗaci ya tsaya masa a maƙogwaro. Kitsen da ke cikin naman ne ya juya a zafin mota. Ya fi son a ce Mamman ya zage shi maimakon wannan gaisuwa.

Ran nan ya koma gida da sauran kayan ya ce ya daina fita sai ya samu san daji.

"To wurin fa?" in ji Rabi. "Ka san mai tsiren nan ya daɗe yana leƙen inuwar. In ka bar ta, ta tafi."

"In na fita da wannan nama, inuwa ta zauna, suna ya tafi. Wanne za mu ci?"

Ya je Wudil, ya je Dambatta, ya dawo hannu sake. Rabi ta koma soya ƙuli-ƙuli tana sayarwa a gida, da shi aka riƙa ɗora tukunya. Bai ko bi ta bakin masaƙar ba, don ba ya so ya ga hayaƙin tsire a gindin darbejiyarsa.

Akwai maƙwabcinsa Tijjani, mai aikin tantance ƙiraga, wato fatun shanu, a wata masana'antar jima a Challawa. Warin jima ba ya barin jikinsa ko ya yi wanka, har a masallaci akan ce ya tsaya ƙarshen sahu wajen taga. Shi ma ba ya raga wa kowa. Wata rana bayan la'asar suna zaune a dakali, Tijjani na ta mitar aiki.

"Ni dai na gaji. Wasu ƙiraga ake kawo mana kwanan nan duk karta, manaja sai faɗa, kamar ni na karce su. Duk cikin marasa daraja muke jefa su."

"Kartar me?"

"Ƙaya mana. Ga cizon kaska kamar an yi musu zane."

Isyaku ya gyara zama. "Tsofaffi ne ko sababbi?"

"Gishiri ma bai gama kama su ba. Kai kuma meye naka? Takalmi za ka koma ɗinkawa?"

"Tijjani, san da ke ɗaure a tsakar gida, ina zai gamu da ƙaya?"

Tijjani ya kalle shi. Sai ya kwashe da dariya. "Wato abin da ake zagina a kansa, kai shi kake nema."

Washegari Tijjani ya tare direban da ke kawo su. Ashe daga wata 'yar kasuwa ce a gefen dajin Falgore, inda wasu makiyaya suka shige da garkensu tun farkon annobar suka tsira. Tijjani ya roƙi direban, ya ɗauki Isyaku a bayan mota cikin buhunan gishiri. A can ya samu sa ramamme, gashinsa duk kartar ƙaya, ya shafa gefensa kamar ya ga ɗan'uwa. Ya yi tsada, bai ja ciniki ba.

Da Rabi ta taɓa naman, ta duba yatsunta ta ga a bushe, sai ta ce, "Miƙo mini turmi."

Ranar da ya ɗauki tirensa ya nufi masaƙa, ya riga ya shirya zai raɓa a jikin katanga cikin rana. Yana karyo kwana sai ya hango teburinsa a inda ya bar shi, mutum ya kai shida a kai suna cin garau-garau, Mamman a tsakiya yana kaɗa ƙafa.

"Ku sauka, mai shi ya zo," in ji Mamman.

"Me nake gani haka?"

"Gadi muke. Masu aikin safe su zauna, in sun shiga masu aikin rana su karɓa. Mai tsire ya zo, muka ce mai teburin ya je ɗauko nama ne."

Wani ya ce, "Ya ce wane irin nama ne ake ɗaukowa tun kafin azumi. Muka ce san ne ke tahowa a ƙafa."

Isyaku ya matso gaban teburin. Ya sauke tire, ya yago falle ya miƙa wa Mamman. Mamman ya tauna, ya daɗe yana taunawa, kowa na kallon bakinsa.

"Wannan kam tsohuwa za ta gane shi."

"Kai mata uku. Kar ka sa hannu a aljihu, sai mu ɓata."

Da Mamman ya dawo daga wannan tafiyar, ya zo da cukun madara irin na ƙasarsu a ƙulle cikin tsumma, in ji tsohuwa, ta ce ta ji daɗi da Baba Isyaku ya warware.

Isyaku ya ci gaba da zama a gindin darbejiyar har lokacin da masaƙar ta fara rage ma'aikata, gemunsa ya yi fari fat. In baƙo ya yi ƙorafin tsada, ba ya musu, sai ya ba shi ɗanɗano ya ce ya sa sauran a aljihu ya dawo bayan wata. Duk san da ya yanka, ƙunshin farko gidan Tijjani Rabi ke aikawa. A masallaci kuwa ya bar sahun gaba ya koma wajen taga kusa da Tijjani. In aka tsokane shi cewa hancinsa ya mutu, sai ya ce shi dai ƙamshin kilishi yake ji.