Jar Robar Sallau Mai Faci

Duk wanda ya taɓa zama bakin tafkin da gulbi ke bari bayan Jiratawa in damina ta ja baya, ya san Sallau mai facin taya. Ba don iya kamun kifi aka san shi ba, tsakani da Allah. An san shi ne don shi kaɗai ke jefa fatsa babu tana a ƙugiya, sai wata ƴar jar roba mai wutsiya. Yakan wuni yana kallon ruwa, ya koma gida da kwando wayam, kuma ko a jikinsa.

Rumfarsa na Sabon Gari, ƙarƙashin wani bedi: kwanon ruwa na neman huji, famfon iska, gwangwanin gam, sai tsibin tsofaffin tayoyi. Nan ya girma, nan furfura ta same shi. Mutum ne mai sanyin baki, in ban da gaban mutum guda, wato taubashinsa Inusa na Tibiri. Tun suna yara kowane ke kiran ɗan'uwansa "bawana", kuma har suka tara iyali ba a raba gardamar wane ne ubangidan ba.

Inusa ya koya masa fatsa. Ma'aikacin wani luzin ne, wato masana'anta, har aka rufe shi a shekarun Taron Ƙasa, lokacin da yajin aiki ya zama abincin yau da gobe. Jam'iyyu suka shigo, majalisu suka dare, aminai suka daina gaisawa saboda launin hula. Su biyun nan kowa da tasa jam'iyyar, amma duk Lahadi Sallau zai tayar da ɗan babur ɗinsa mobilet ya ɗauko Inusa, su yi ta zagin ƴan takarar juna har bakin ruwa.

Masu fatsar wurin suna da al'ada guda da ba a takawa. Kana iya ara wa mutum zare, ka ba shi dalma, ka raba tanarka biyu da shi. Amma ka soka masa ita a ƙugiya da hannunka, wannan yara ake yi wa, sai kuwa wanda ƙarfinsa ya ƙare.

To, sai hannun Inusa ya fara rawa. Da fari kofin shayi ne ke ƙara a farantinsa, daga baya abin ya yi tsanani. Wata Lahadi ya yi ta fama da tana, tana sulɓewa, har ƙugiya ta tsire masa yatsa. Tausayi ya rufe wa Sallau ido. Ya miƙa hannu ya karɓa, ya soka tanar, ya mayar masa, a gaban kowa.

 Inusa ya naɗe zarensa, ya zauna gindin itace har la'asar. A hanyar komawa ko zagi ɗaya bai yi ba, abin da ya fi komai tayar wa Sallau hankali ke nan.

Daga ranar ya bar zuwa ruwa. Matarsa Rabi ta ce yana zaure ya juya wa ƙofa baya, tuwo sai ya ɗan taɓa, rediyon da yake kwana gardama da shi ma ya kashe. Sallau ya gane sarai: in bai mayar da mutumin nan bakin ruwa ba, zauren nan zai cinye shi.

Shekarar aka karya darajar kuɗin sefa, sabon tub ya gagari talaka, kowa sai faci kan faci. Guntayen roba suka taru a rumfa. Wata rana Sallau na yankan faci, wani siririn yanki ya faɗa kwanon ruwa, ya yi lanƙwasa yana nutsewa. Ya tsaya yana kallonsa har mai keken da ke jira ya yi gyaran murya.

Daga nan aka shiga zaɓe, ba na ƙuri'a ba. Baƙin tub na mota ya yi tauri, yana sauka kamar kara. Robar silifa ta ƙi nutsewa, sai iyo take a sama. Ta safar hannu irin ta likita ta yi laushi, amma jefawa ɗaya ta yage. A ƙarshe ya dace da jan tub na tsofaffin kekuna. Ya yanka shi tsawon yatsa, ya sirance wutsiyar, ya manne shi a ƙugiya da gam yadda ba zai fita ba ko an wuni. Ya ɗaura dalma a can ƙarshen zare, ƙugiyar kuma taƙi ɗaya a sama, don robar ta tsaya bisa laka inda kifi zai gan ta. Ya jiƙa ta kwana da kwanaki cikin ruwan daddawa da kan busasshen kifi, har matarsa Tasalla ta ce ko dai tukunyar ta bar gidan ko ita.

Ya gwada a tafki, Lahadi bayan Lahadi. Ko ɗan karfasa bai kula shi ba. Duk da haka ya hau mobilet sai Tibiri.

"Mi ya kawo ka?" in ji Inusa, bai ko juyo ba. "Ka zo ka ƙara sa mini tana?"

"Wace tana? Ni na bar tana, bawana. Ɗiba nan." Ya ajiye ƙugiyar bisa tabarma. "Haka aka yo ta, da wutsiyarta. Maƙeri ka ƙera maka ƙugiya tun kana yaro, ka taɓa cewa ya raina ka?"

Inusa ya kalle ta ta gefen ido, ya sansana, ya yamutsa fuska. "Wanga wari hwa? Kuma ka kama wani abu da ita?"

"Ko ɗaya. Mutane na ta yi mini dariya, amma ba su iya ba. Na ce bari in ɗauko wanda ya ƙware."

Wani abu ya motsa a gefen bakin Inusa. "Don in ga wautarka da idona kawai," ya ce, ya laluba takalmansa.

Suka zauna gefe da gefe, kowa da jar robarsa. Hannun Sallau, da ya saba riƙe faci har gam ya kama, ya tsaya cak, robarsa na rataye cikin ruwa ba rai. Hannun Inusa kuwa yana ta aikinsa na rawa, rawar na bin sanda, ta bi zare, ta isa wutsiyar can ƙasa. Ba a jima ba zaren ya miƙe, sandar ta rusuna.

Sallau ya zabura zai kama masa, sai ya tuna. Ya mayar da hannuwansa baya ya damƙe su da juna. Ya tsaya yana kallo, Inusa na ja yana haki, sandar na kaɗawa, har wata ƙatuwar tarwaɗa ta faɗo kan ciyawa tana watsal-watsal. Bakin tafki ya ɗauki sowa.

Inusa ya zauna daɓas, idanunsa sun cicciko. Da numfashi ya dawo masa sai ya ce, "Bawana, kai ka yanka ta, amma ba ka iya sa ta rawa ba. Hannunka ya cika lahiya."

Damina biyu suka ƙara yi tare. Inusa ya koma cin tuwo, ya koma zagin jam'iyyar Sallau, kuma ba wanda ya sake taɓa masa ƙugiya. Ya rasu shekarar da sojoji suka sake karɓar mulki, ranar wata Talata, da warin daddawa a aljihun rigarsa.

Sallau bai koma ga tana ba. Yakan gwada kaɗa hannu da gangan, amma kifi ya san rawar ƙarya. Wata Lahadi da ya dawo da kwando wayam, Tasalla ta ce, "Malam, tunda wanda aka yi domin shi ya tahi, ka koma ma tana mana, mu ma mu sha romo."

Ya ɗaga hannunsa na dama ya duba shi, a tsaye yake ƙyam. Ya yi murmushi, kewar ɗan'uwansa ta cika masa ƙirji.

"Yi haƙuri, Tasalla," ya ce. "Hannun bai koya ba tukuna. Amma tsuhwa na tahe, za ya iya."