Randar Hajara

Daga garin Kamlin zuwa Madani

Da idar da sallar asuba na ja ƙofa, na wuce randar sabil da ke bakin gidana ban ko dube ta ba. Matata Hajara ce ke cika ta saboda masu wucewa. Tun da ta rasu a hanyar gudun yaƙi randar take a bushe. Ni kuma na bar gona, abinci sai an matsa mini, ko gari ya waye ko kar ya waye duk ɗaya ne a wurina. Ƙanwata Rabi ce ta dame ni sai na je ganin wani likitan ƙwaƙwalwa a wani ƙauyen Hausawa kusa da Makwar.

Na hau motar albasa. A wani shinge soja ya ji asibiti za ni, ya tambaye ni da Larabci inda ke mini ciwo. Na rasa inda zan nuna masa.

A tashar Madani na ce wa mai shayi ta kawo biyu. Sai da ta ajiye na tuna ni kaɗai ne. Na sha ɗaya, ɗayan ya huce a gabana.

Makwar

Na isa da la'asar. Asibitin da nake zato babu shi. Likitan, Dakta Sani, tsoho ne, na same shi yana sauke jarkokin ruwa daga kan jaki yana cika randuna biyu a bakin hanya. Ya ce da a Khartum yake koyarwa, can aka kashe 'ya'yansa mata biyu, randunan nasu ne. Ya dafa mana jabana, wato gahawa, na kwashe labarina kaf na gaya masa.

"Ya Haj," in ji shi, "na daɗe ina tambayar wahala don mi ta zo. Ba ta amsawa. Tambayar da ka da amsa ita ce: wane aiki ka jiranka gobe, wanda in ba ka yi ba, ba mai yi?"

"Babu, Dakta."

"To wa ka cika randar Hajara?"

Gaskiya na ji haushi. Duk wannan tafiya, ko ƙwaya ɗaya bai ba ni ba. Na kwana a tsakar gidansa, da safe na yi sallama ina cin magani.

Gida

Na sauka gab da magariba. Na wanke randar, gizo-gizo har ya yi saƙa a ciki, na cika ta.

Da hantsi na ji ƙarar moɗa. Wata tsohuwa ce mai aikin gonar auduga. Ta sha, ta share baki, ta ce, "Allah shi jiƙan mai randa. Wallahi mun ɗauka ba kowa gidanga."

"Ina nan, Inna," na ce mata.

Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa Rabi da Dakta. Zan dakata haka, ruwan randar ya yi ƙasa.